Gurbin Ƙusa a Haƙoran Kawu

Daga likitar haƙori zuwa ga kawunta
Litinin, 4 ga wata

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna.

Kwamitin ladabtarwa na hukumar likitocin haƙori ya sa ranar Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe goma na safe, don sauraron ƙarar da ka shigar a kaina. Takardar ta same ni yau a asibiti. Idan suka same ni da sakaci, suna da ikon karɓe lasisina har shekara biyu. Shugaban asibiti bai jira su ba. Ya cire sunana daga jerin masu manyan ayyuka, yanzu wankin haƙora kawai nake yi.

Ƙa'idar kwamiti ta hana mu ganawa kafin zama, sai dai a rubuce. Hakan bai rage mana komai ba, tunda sati uku ke nan ba ka ɗaukar wayata.

Ga abin da ya faru, yadda yake a fayil. Wata goma sha huɗu da suka wuce ka zo mini da haƙoranka huɗu na gaba, na sama, sun zaizaye sun gajarce, ruwan sanyi yana sa ka zabura. Na sa wa kowannensu hula ta tangaran. Bayan wata biyar hular haƙorin hagu ta tsage. Na sake maka wata. Bayan wata huɗu ita ma ta tsage. Ta uku ita ce ta tsage watan jiya. Sauran ukun suna nan lafiya, kuma hannu ɗaya ne ya sa su duka.

Na gaya maka kana gurza haƙora cikin barci. Na auna bakinka na yi maka robar da za ka riƙa sawa in za ka kwanta. Inna ta shaida mini robar tana cikin kofi a kan firiji tun ranar da ka kai ta gida, har ƙura ta rufe ta.

A takardar ƙararka ka rubuta cewa na koyi aiki a bakinka. Shekarata tara ina wannan aiki, Kawu, ba a taɓa kai sunana gaban kowa ba sai da kai ka kai shi. Ba roƙonka nake yi ka janye ba. So nake ka gaya mini abin da kake nema.

Ka gaida Inna. Ka huta lafiya.

’Yarka

*

Daga kawu zuwa ga likita
Alhamis, 7 ga wata

Ranki ya daɗe, Likita,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai dai bakin.

Na ga wasiƙarki mai kwanan wata da lissafin watanni, kamar wadda take rubuta wa alƙali. Ga aikinki nan na aiko miki a kwalin ashana, na sa masa soso kada ya ƙara fashewa a hanya. Ki saka shi a fayil ɗin shi ma.

Kin san inda ya faɗi? Ina shan shayi da burodi a gaban surukaina. Burodi, Likita, ba ƙashi ba. Na ji wani abu ƙaras, na tofar a hannu, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa. Tun ranar in na yi magana iska take fita ta giɓin tana fito. Abokaina sun sa mini suna Usur. Mutum mai shekara sittin da huɗu. Shi ya sa ba na ɗaukar waya, ba taki kaɗai ba, ta kowa ma.

Maganar gurza haƙora kuwa, ki tambayi Innarki. Shekara talatin da ɗaya muna kwana ɗaki guda. Minshari ta yarda ina yi, har ta yi ƙari. Gurza ba ta taɓa ji ba, kuma mace ce da tafiyar ƙadangare a kan rufi take tashe ta. Robarki na sa ta sau ɗaya na ji kamar an cusa mini takalmi a baki.

Kin tambayi abin da nake nema. Ki tuna ranar da na zo da hula ta biyun da ta fashe. Awa biyu na yi a kan benci. Da kika fito ko kujera ba ki ɗora ni ba. A tsaye, a gaban ma’aikatanki da mutanen da ke layi, kika ce, “Kawu, damuwa ce take sa ka cije haƙora, matsalar ba daga aikina take ba.” Kika miƙo mini takarda wai in je in ga likitan ƙwaƙwalwa. Wata mata da ke gefena sai da ta ja jakarta ta matsa.

Ni ne ƙanin uwarki. Da ta rasu ni na ɗauko ki. A kan bencin shagona, tsakanin kujerun mutane da nake ɗinkawa, kika koyi haɗa baƙi. Yau ni ne mai taɓin hankali a bakinki. Wace damuwa? Tun da ku da likitan hawan jini kuka haɗa kai kuka sa na rufe shago shekara biyu da suka wuce, kika karɓe mukulli da hannunki, me nake yi in ban da zama? Wanda yake zaune me zai dame shi?

Abin da nake nema shi ne wanda ya fi ki sani ya dubi bakin nan ya gaya miki a gaban mutane cewa kin yi kuskure, kamar yadda kika gaya mini nawa a gaban mutane.

Innarki tana gaishe ki. Ba ta goyon bayana, in hakan zai yi miki daɗi.

Kawunki

*

Daga likita zuwa ga tsohon malaminta
Asabar, 9 ga wata

Malam,

Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Na san ka ajiye koyarwa, amma ba ni da wanda zan nuna wa wannan sai kai. An kai ƙarata gaban kwamiti, zama ranar 28. Mai ƙarar kawuna ne, wanda ya riƙe ni. Tsohon mai ɗinkin kujeru ne, ya daina aiki shekara biyu ke nan.

A cikin kwalin nan akwai kwafin haƙoransa na filasta, na sama da na ƙasa, wanda na ɗauka kafin in taɓa komai. Akwai hotunan muƙamuƙi, da kwafin fayil ɗinsa, da hular da ta fashe ta ƙarshe, a kwalin ashanar da ya aiko mini ita, ban taɓa ba. Hula huɗu na sa, ɗaya ce take fashewa, sau uku a wuri guda. Na gwada cizonsa da takardar shuɗi mai nuna inda haƙora suke haɗuwa kowane zuwa, ban ga inda hular ta yi tsawo ba. Abin da na gano shi ne gurza haƙora cikin barci, kuma ya ƙi sa roba.

Ina so ka rubuta wa kwamiti ra’ayinka na ƙwararre, cewa aikin ya bi ƙa’ida kuma majiyyaci ne ya ƙi bin umarni. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin na tsohon nan ba, don haka na fi so wani mai sanyin kai ya faɗa.

Na gode. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗalibarka

*

Daga malam zuwa ga ɗalibarsa
Laraba, 13 ga wata

Ɗalibata,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi.

Ba zan rubuta takardar da kika nema ba. Ki karanta dalilai har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Na ɗora kwafin sama a kan na ƙasa na motsa su hagu da dama. Mai gurza haƙora yana barin shafaffun wurare masu sheƙi, na sama da na ƙasa suna haɗuwa daidai idan aka goga su, domin junansu suka ci. A bakin kawunki babu su. Abin da yake akwai shi ne ɗan gurbi a bakin haƙorin gaba na hagu, da wani ɗan’uwansa a haƙorin da ke ƙarƙashinsa. Ki rufe kwafin biyu ki ɗaga su saitin taga. Haske yana wucewa ta wurin. Haƙoran nan biyu ba sa taɓa juna a nan, saboda haka ba su suka ci juna ba. Wani abu ne yake shiga tsakaninsu, siriri, mai tauri, kullum a wuri guda, shekara da shekaru. Na zura ƙaramar ƙusa ta zauna kamar don ita aka yi wurin.

Ke kuma kika zo kika cike gurbin da tangaran. Haƙorin mutum yana zaizayewa a hankali ya ba ƙarfe wuri. Tangaran ba ya zaizayewa, fashewa yake yi.

Na biyu. Turamensa, wato haƙoran tauna na baya, uku na ƙasa babu su, biyu a dama, ɗaya a hagu, kuma daga hoton an daɗe da cire su. Nauyin taunarsa duka ya koma gaba. Kin gina gaba kin bar baya a rushe. Takardar shuɗi ba za ta gaya miki wannan ba, ido ne yake gani.

Na uku shi ne ya ɓata mini rai. Shafin tarihin majiyyaci a fayil ɗin nan fari ne fat. A gurbin sana’a kin rubuta kalma ɗaya, “ritaya.” Babu tambaya a kan abin da yake riƙewa da baki, ko abin da yake yankewa da haƙori, ko yadda yake wuni. Shekara uku ina maimaita muku cewa a tambayi mutum kafin a ce ya buɗe baki. Da baƙo ne ya shigo daga titi da kin cike shafin nan. Kin tsallake shi ne don kina ganin kin san mutumin.

Sannan ki dubi soson da ya naɗe hular da shi. Sabo ne, yankan wuƙa mai kaifi, da ɗan gam a gefensa. Wanda ya bar aiki shekara biyu ba ya samun irinsa a aljihu.

Gurbin nan zai wanke ki rabi a gaban kwamiti, farin shafin kuma ya kama ki rabi. Abin da za ki yi da su ya rage naki. Idan suka tambaye ni, duka ukun zan faɗa.

Ki je ki ga inda yake wuni.

Allah ya yi jagora.

Malaminki

*

Daga likita zuwa ga kawunta
Talata, 19 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Jiya da safe na ga inda kake zaman da ka ce kana yi.

Inna ta taɓa gaya mini kullum ƙarfe takwas kake fita zuwa hira wajen abokinka mai walda. Na je. Ba ka kan bencin ƙofa. Na bi lungun da ke gefen shagon, na wuce tulin tsofaffin ƙofofin ƙarfe, na tarar da ɗaki a baya mai taga ɗaya. Ban shiga ba, ƙa’ida ta hana, kuma da na shiga da na faɗi abin da zan yi nadama.

Kujera ce mai hannu a kife kan benci biyu, an ja mata koren yadi. Ka zazzago ƙananan ƙusoshi daga gwangwanin madara zuwa tafin hannunka, ka watsa su a baki. Harshenka yana turo su ɗaya bayan ɗaya, kana riƙe kowace da haƙori ta gefen hagu, ka kai guduma mai maganaɗisu ta ɗauke, ka buga. Hannunka na hagu bai saki yadin ba ko sau ɗaya. Na ƙirga arba’in da biyu kafin ka sake cika baki. Da ka gama layin ka ja zare mai kaki ka datse shi da haƙori, a wurin dai. A kan guntun haƙorin da ya rage, Kawu.

Ka rantse mini ka bar aiki. Ka ba ni mukulli a gaban Inna. Sau uku ka zauna a kujerata ka bar ni ina neman dalili, sannan ka rubuta wa hukuma cewa burodi ne. Ka rubuto mini cewa wanda yake zaune babu abin da zai dame shi. Ka sa aikina na shekara tara a bakin rami kana sane da ɗakin nan.

Wannan naka ke nan. Ga nawa.

A shagonka na girma. Ni ce nake bin ƙasa da maganaɗisu ina tsince ƙusoshin da suka zube, har ka sa mini suna Tsintau. Na ga ƙusa a bakinka sau dubbai. Da na ɗauki kwafin haƙoranka gurbinta yana nan ƙiri-ƙiri, ban gan shi ba sai da malamina ya nuna mini. Ban yi maka tambaya ko ɗaya ba kafin in fara aiki. Ban kula da turamenka da babu ba. Na ce kana gurza haƙora ba tare da shaida ba, na ƙara da cewa damuwa ce, a tsaye, a gaban mutane. Takardar likitan ƙwaƙwalwa ba ta da tushe. Na yi kuskure, kuma yadda na faɗe shi ya fi kuskuren muni.

Yau na miƙa wa kwamiti amsata a rubuce. Duk abin da ke sakin layin da ya gabata yana ciki. Game da kai na rubuta jimla ɗaya, cewa alamu sun nuna majiyyaci yana riƙe ƙarfe da haƙoransa na gaba. Ban ambaci ɗakin ba. Inna ma ban gaya mata ba. Wannan aikinka ne.

Har yanzu ina fushi da kai. Ka sha maganin hawan jininka.

’Yarka

*

Daga kawu zuwa ga likita
Alhamis, 21 ga wata

Tsintau,

Gaisuwa.

Leƙen taga kuma kika koma? Da kuɗin mota har lungu? Mai walda ya ce ya ga wata mata da farin takalmi tana tsallake kwata, ya ɗauka daga hukumar lafiya aka turo ta, har ya ɓoye tukunyar gas.

Wa ya aike ki ki kai kanki? Ni na kai ƙara don a ja miki kunne, ban ce ki je ki miƙa musu wuya ba. Duk karatun nan naki ba a koya muku yin shiru ba? Ki je ki karɓo takardar nan tun ba su karanta ba.

Kin ce na yi ƙarya. Na yi. Wata uku na zauna a gida bayan kin karɓi mukulli. Na gyara duk kujerun gidan, na kwance su na sake gyarawa. Innarki ta fara ɓoye matasan kai. Daga nan na koma aiki. Da kin taɓa tambayata yadda nake wuni, wataƙila da na faɗa miki, wataƙila da ban faɗa ba. Amma ba ki tambaya ba. Maigadin asibitinku ya fi ki sanin labarina.

Sai dai ki rubuta wannan a fayil ɗinki: ban san ƙusa ce ba. Wallahi ban sani ba. Shekara arba’in da shida ina sa ta a baki, haka maigidana ya koya mini, baki shi ne hannu na uku, haƙori bai taɓa fashe mini ba sai da kika sa naki. Me zai sa in zargi ƙusa? Abin da na lura da shi kawai, bayan kin yi aikin ƙusa ta daina zama. Da can tana da wurinta, sai ta koma santsi, dole in ƙara cije ta da ƙarfi. Na ɗauka tsufa ne.

Injin harba ƙusar da kika saya mini a da yana nan a kwalinsa. Yana farfasa tsohon katako. Na masu gaggawa ne.

Na gaya wa Innarki jiya, na shirya wa faɗa. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. Ta ce shekara ɗaya da wata tara tana kakkaɓe ɓurɓushin soso daga aljihuna kafin wanki, tana jira ta ga ranar da zan gaji da raina mata hankali. Ta ce ni da ke duk kanmu ɗaya, taurinsa ya fi ƙusar.

Maganar takardar likitan ƙwaƙwalwa, na ga abin da kika rubuta. Na karanta wurin sau biyu. A takarda kika faɗa, ni kuwa a gaban mutane aka yi mini.

Ki karɓo amsarki.

Kawunki

*

Daga likita zuwa ga kawunta
Asabar, 23 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa.

Ba zan karɓo ta ba. Abin da ke ciki gaskiya ne, kuma ranar Alhamis zan maimaita shi da bakina a gaban mutane, kana zaune. Abin da ka nema ke nan.

Ko me suka yanke, bakinka yana bukatar aiki. Turamen baya za a fara mayarwa, sannan a dawo gaba. Ba ni zan yi ba, bai kamata tun farko in yi ba. Malam ya ba ni sunan wata abokiyar aiki, takardarta tana haɗe. Za ta yi maka tambayoyi da yawa. Ka amsa mata.

A cikin ambulan akwai maganaɗisun nan nawa na da. Na sa an ɗinka masa maɗauri. Ka ɗaura a wuyan hannun hagu ka zuba ƙusoshin a kai. Mukullin shagonka ma yana ciki. Ɗakin mai walda ba shi da iska.

Ka gaida Inna.

Tsintau

*

Daga kawu zuwa ga likita
Litinin, 25 ga wata

Tsintau,

Muna gaisuwa, ni da Innarki.

Saƙo ya iso. Maɗaurin ɗinkin banza ne, na kwance na sake shi. Maganaɗisun yana rage mini sauri da rabi. Yau ƙusa uku kawai na sa a baki, su ma mantuwa ce.

Ba na bukatar ki tsaya gaban kowa. Wanda ya isa ya yi miki faɗa ni ne, kuma na yi.

Ki ci abinci.

Kawunki

Ƙari: Da safe na je ofishin hukumar na miƙa takardar janye ƙara. Magatakarda ya karɓa ya buga hatimi. Ya ce tunda ke ma kin rubuta kin amsa kuskure, janyewata ba ta tsayar da zama sai shugaban kwamiti ya sa hannu. Na yi masa faɗa har Usur ya fito, ya ce ba a hannunsa take ba. Shugaban ya yi tafiya, sai Laraba zai dawo. Sunanki yana nan a allon zaman Alhamis, ƙarfe goma.